Zuciyar da ba ta kukan ciwo: nazarin lamarin wata malama a Gombe, shekara biyar bayan dashe

Ranar da ta shigo mini da wannan ƙorafi, ba ta ce ko'ina yana mata ciwo ba. Cewa ta yi, "Likita, matakalar makarantarmu ce ta ƙara tsawo." Malamar sakandare ce a nan cikin garin Gombe, shekarunta arba'in da 'yan kai, ajin da take koyarwa kuma a saman bene yake. Matakalar da ta saba hawa tana hira da ɗalibai, yanzu sai ta tsaya a tsakiya ta dafa bango ta mayar da numfashi. Na tambaye ta ƙirji, ta ce lafiya lau, ko suka babu. Idon sawunta ya ɗan tasa. Bugun zuciyarta 104 a minti tana zaune, wanda a wurinta ba sabon abu ba ne.

Da wata ce daban, da ƙarancin jini zan fara nema. Amma zuciyar da ke bugawa a ƙirjin wannan baiwar Allah ba da ita aka haife ta ba. Ita ta yarda in rubuta labarinta, na kuma sakaya sunanta da na iyalinta.

Yadda ta kai ga dashe

Ciwon ya faro ne bayan haihuwarta ta huɗu. Kafin a yi arba'in ta soma haki da tari da kumburi, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai. Wannan shi ne raunin zuciya na bayan haihuwa, kuma arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya, Davidson da Parry, suka ba da rahoton cewa yana kama kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu a yankin. Mata da yawa zuciyarsu takan farfaɗo da magani. Tata ba ta farfaɗo ba. Bayan shekara uku ana fama, hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'urar sauti, ya nuna abin da zuciyar ke turawa a kowane bugu bai kai kashi 20 cikin 100 na jinin da ke cikinta ba, alhali mai lafiya yana wuce kashi 50.

Yayanta, ɗan kasuwar hatsi ne a Tudun Hatsi, shi da maigidanta suka sayar da gona da fili, dangi suka yi karo-karo, aka tafi Chennai ta ƙasar Indiya. Sun yi watanni suna jira, domin ƙa'idar can ita ce sai an rasa ɗan ƙasa da zuciyar ta dace da shi kafin a ba baƙo. Allah ya sa aka dace. Ta dawo gida da dogon tabo a ƙirji da leda cike da magunguna: takrolimus safe da yamma, maikofenolet, firednisolon da aka yi ta ragewa (waɗannan uku suna danne garkuwar jiki don kada ta kai wa sabuwar zuciyar hari), asfirin, da wata 'yar ƙwaya ta dare mai suna firabastatin, maganin rage kitsen jini.

Abubuwa biyu sun faru tsakanin dawowarta da wannan rana ta matakala, kuma a ganina su ne ƙashin bayan lamarin.

Na farko a shekara ta uku ne. Ta kamu da tarin tibi, abin da ba mamaki ba ne ga wanda ake danne wa garkuwar jiki. A wani asibiti da ta je aka ɗora ta kan haɗin maganin tibi da ake ba kowa, wanda a cikinsa akwai rifamfisin. Babu wanda ya duba sauran abin da take sha. Rifamfisin yana zaburar da hanta ta riƙa narkar da takrolimus da gaggawa, sai mutum ya sha ƙwayarsa a kan lokaci amma jininsa kusan babu komai. Mako biyar aka yi a haka. Da aka auna, takrolimus ɗinta ya faɗi ƙasa warwas, garkuwar jikinta ta farka ta soma kai wa zuciyar hari. An shawo kan abin da allurar sitiroyid mai ƙarfi da ninka takrolimus har ta gama maganin tibi. Ta warke a ido, amma bangon hanyoyin jinin zuciyar ya riga ya sha duka.

Na biyun ya fi mini ciwo, domin da hannuna a ciki. Da kuɗin magani ya yi tsada, ta zauna ta duba wanda za ta iya ajiyewa. Gwajin kitsen jininta ya fito daidai, sai ta ce a ranta maganin kitse ba shi da sauran aiki. Ta daina firabastatin wajen shekara ɗaya da rabi. Duk zuwan da take yi ina tambayar ta, "Malama, ana shan magani?" ta ce ana sha, kuma gaskiya ta faɗa, domin a wurinta magani shi ne takrolimus. Ban taɓa cewa ta zazzage mini ledar a kan tebur in ƙirga ba. Yanzu ina yi wa kowa haka.

Abin da aka gani

Eko ya nuna ƙarfin zuciyar ya ɗan ragu, kuma bangonta ya yi tauri, ba ya saki ya karɓi jini yadda ya kamata. Muka tura ta Abuja, ta Bauchi da Jos, aka yi mata anjiyogiram, wato a zura siririn bututu ta jijiyar hannu har bakin hanyoyin jinin zuciya, a fesa ruwa mai fitowa a hoto. Da yayanta ya kawo mini faifan na saka a kwamfuta, abin da ya faɗo mini a rai shi ne gawon da makiyaya suka sassare wa rassa da rani. Manyan rassan suna nan, amma ƙananan da ya kamata su bazu kamar gashi sun sirance, wasu sun ɓace ɗungurungum. A babbar hanyar gaban zuciya kuma akwai wuri guda da ya tsuke ya wuce kashi 70 cikin 100.

Sunan wannan ciwo a takardun likitoci CAV, wato ciwon hanyoyin jinin zuciyar da aka dasa. Ƙungiyar likitocin dashen zuciya da huhu ta duniya, ISHLT, ta kasa shi mataki-mataki a 2010, daga 0 zuwa 3. Alƙalumanta sun nuna kusan mutum uku cikin goma suna da shi a shekara ta biyar bayan dashe, kusan rabi kuma a shekara ta goma. Tun da Christiaan Barnard ya yi dashen farko a birnin Kef na Afirka ta Kudu ranar 3 ga Disamba 1967, an ci galaba sosai a kan mutuwar watannin farko, musamman bayan zuwan saikulosiforin, wani maganin danne garkuwar jiki, a farkon shekarun 1980. Wannan ciwon na shekarun baya shi ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Ya sha bamban da toshewar jijiyar zuciya da muka saba gani ga masu hawan jini da ciwon suga. Waccan kamar dutse ne ya maƙale a wuri guda cikin bututun ruwa, mai gyaran famfo ya gano wurin ya gyara. Wannan kuwa kamar bututun ne yake yin kauri daga ciki, ko'ina daidai wa daida, tun daga tushe har ƙarshen reshe. Garkuwar jiki tana ta yi wa shimfiɗar cikin jijiyar ƙananan raunuka, domin har abada baƙuwa take ɗaukar ta. Jiki kuma yana ta ɗinki, ƙwayoyin tsokar bangon suna hayayyafa suna shigowa ciki, hanya tana ƙara matsewa. Shi ya sa ma anjiyogiram yake iya ruɗin mutum a farkon ciwon: hanyar da ta tsuke bai ɗaya, ba ka da wuri mai faɗi kusa da za ka gwada ta da shi. A manyan cibiyoyi sukan zura na'urar sauti cikin jijiyar su auna kaurin bangon kai tsaye, kuma ƙarin rabin milimita a shekarar farko alama ce ta haɗari a gaba.

Rashin ciwon ƙirji kuma yana da dalili. Idan aka ciro zuciya ana yanke zare-zaren saƙo da suka haɗa ta da ƙwaƙwalwa. Likitan tiyata yana ɗinke manyan hanyoyin jini, amma waɗannan zare ba sa ɗinkuwa, sai dai wasu su ɗan sake tsirowa bayan shekaru. Shi ne dalilin da bugun irin wannan zuciya yake zama tsakanin 90 da 110 ko mutum yana hutawa, shi ne kuma dalilin da za ta ji yunwar jini ba ta da bakin faɗa. Wasu masu dashe alamarsu ta farko ita ce faɗuwa. Malama ta yi sa'a tata ta zo da haki.

Tambayar yayanta

Mutum ne mai bin diddigi, irin wanda ba ya sayen buhu sai ya soka ya ga ƙwayar. Ya zo mini da wayarsa a hannu ya ce, "Likita, na ga ana cewa akwai maganin da ke tsirar da sabbin jijiyoyin jini a zuciya. Tunda nata suna toshewa, me ya sa ba za a ba ta shi ba? Ko nawa ne za mu nema."

Tambaya ce mai ma'ana, kuma likitoci da kansu sun bi wannan tunani. A jikin ɗan Adam akwai wani sinadari, VEGF, wanda shi ne ke kiran sabbin hanyoyin jini su tsiro duk inda nama yake ƙishin iska. Da shi miki yake cikowa, da shi mahaifa ke ciyar da ɗan tayi. Wani abin lura ma, ciwon da ya lalata zuciyar Malama ta asali yana da alaƙa da shi: wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna cewa a ƙarshen ciki mabiyiya tana sakin wani sinadari da ke kame VEGF, kuma zuciyar da ba ta jure wannan ƙarancin ba takan raunana. Ga mai toshewar jijiya irin ta yau da kullum, jiki yakan tsirar da ƙananan hanyoyi su kewaye wurin da ya toshe, kamar yadda masu babur ke buɗe ɓarauniyar hanya idan kwari ya cinye titi. An gwada ba wa irin waɗannan marasa lafiya VEGF kai tsaye. A gwajin da aka buga a 2003, mai mutum 178, bayan kwana 60 waɗanda aka ba shi ba su fi waɗanda aka ba ruwan banza iya motsa jiki ba.

A zuciyar dashe kuwa lissafin ya ma juye. Hanyoyin kewaye ba su cika samuwa ba, domin inda za su je su sauke jinin, wato ƙananan rassan, su ma sun kamu. Tsiron da ake samu a wani wuri ne daban: cikin bangon jijiyar kansa. Bangon da ke ƙara kauri yana buƙatar abinci, sai 'yan mitsi-mitsin hanyoyi su ratsa cikinsa suna shayar da shi, kuma ta cikinsu ƙwayoyin garkuwar jiki ke samun ƙofar shiga. VEGF ɗin ma da kansa yana kiran waɗannan ƙwayoyi, yana kuma sa bangon jijiya ya riƙa yoyo. Masu bincike a Helsinki ta ƙasar Finlan sun nuna a 2002 cewa idan aka ƙara VEGF a zuciyar da aka dasa wa ɓera, ciwon yana ƙaruwa, idan aka toshe aikinsa yana raguwa. Na ce masa, "Alhaji, takin da kake son mu zuba, ciyawar da ke cikin magudanar ruwan ce za ta fara cin sa." Ya yi shiru, sannan ya ce to a yi abin da ya dace.

Maganin da aka sauya

Muka yi shawara da likitocinta na Indiya ta waya, suka ga hotunan. Wurin nan guda da ya tsuke sosai aka buɗe shi aka saka siten, ɗan bututun raga na ƙarfe. Wannan gyaran wuri ɗaya ne, bai taɓa sauran bututun ba. Tiyatar kewaye, wato a jona wata jijiya ta tsallake wurin da ya toshe, ba ta cika amfani a wannan ciwo ba, tunda babu lafiyayyen reshe a ƙasa da za a jona. Maganin ƙarshe shi ne sake dashe, kuma kowa a ɗakin ya san gonar da aka sayar ba ta dawo ba.

Aka mayar da ita kan firabastatin a ranar. Na zauna na yi mata bayani da kyau a wannan karon. A 1995 Jon Kobashigawa da abokan aikinsa a Los Anjalas suka raba masu dashe 97 gida biyu. Waɗanda aka ba wannan ƙwaya, kashi 94 cikin 100 sun kai shekara da rai, waɗanda ba a ba su ba kashi 78, kuma kaurin bangon jijiya ya fi ƙanƙanta ga masu shan ta. Aikinta a nan ya wuce rage kitse, tana kwantar da kumburin bangon jijiya da zafin garkuwar jiki. Don haka ake ba kowane mai dashen zuciya, ko kitsen jininsa yana daidai. A ledar Malama kuma tana cikin masu arha.

Babban sauyin shi ne cire maikofenolet a sa eberolimus, a kuma rage takrolimus don a tausaya wa ƙoda. Eberolimus ɗan gidan sirolimus ne, maganin da aka samo daga wata ƙwayar halitta a cikin ƙasar tsibirin Ista na ƙasar Chile, wadda wasu masu bincike daga Kanada suka ɗebo a 1964. Yana kashe wani makunni a cikin ƙwayoyin jiki da ake kira mTOR, wanda shi ke ba su umarnin girma da rabuwa. Idan ya mutu, ƙwayoyin garkuwa ba sa yaɗuwa, ƙwayoyin tsokar bangon jijiya ba sa hayayyafa, kuma VEGF yana raguwa, sai tsiron nan na cikin bango ya ja baya. A gwajin Howard Eisen na 2003, mai sabbin masu dashe 634, ciwon ya bayyana ga kusan kashi 53 cikin 100 na masu shan tsohon magani azatiyofirin a shekara guda, amma ga masu eberolimus tsakanin kashi 30 zuwa 36. A shekarar dai Donna Mancini a New York ta nuna cewa sirolimus yana rage gudun ciwon ga waɗanda ya riga ya kama. Abin da na jaddada wa Malama shi ne kalmar rage gudu. Hanyar da ta riga ta ɓace ba za ta dawo ba, kuma maganin ya fi aiki idan an fara shi da wuri.

Miki a ƙwauri

Wata huɗu da fara eberolimus, da damina, iska ta yaye kwanon rumfar tsakar gidansu. Tana ƙoƙarin jan shi gefe sai bakinsa ya yanke ta a ƙwauri. Yankan bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ga wani, mako guda ya isa ya kame. Nata ya yi mako uku yana buɗe. Da ta kwance mini ƙyallen na ga abin da na ji tsoro: cikin mikin fari-fari ne, a bushe, babu jan naman nan mai ƙwayoyi-ƙwayoyi da ke nuna sabbin hanyoyin jini suna cika rami. Ƙafar a kumbure, na danna da yatsa wurin ya lotsa bai dawo ba. Ta buɗe baki, ga gyambuna uku a cikin leɓe da gefen harshe, har tuwo ya gagare ta sai kunu mai sanyi.

Aikin maganin ne nake kallo da idona. Abin da muke roƙon ya yi a cikin jijiyar zuciya, inda ba ma gani, shi ne yake yi a ƙwaurinta. Ba ya bambance tsiron da ke shaƙe hanya da tsiron da ke rufe miki. Saboda haka ne ma likitoci da yawa ba sa fara shi nan take bayan dashe sai ɗinkin ƙirji ya warke, kuma sukan dakatar da shi kafin babbar tiyata.

Amma tsananin abin ya fi ƙarfin adadin da muka rubuta mata. Na ce, "Malama, ban da namu, me kika sha?" Ta ce ƙanwar maigidanta ce ta karɓo mata maganin miki a kemis. Ta ciro sauran daga jaka: eritiromaisin. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wannan kishiyar rifamfisin ce. Wancan ya sa hanta ta cinye maganin, wannan ya ɗaure hanta ta kasa narkar da shi, sai ya taru a jini. Haka kilaritiromaisin yake yi, haka fulukonazol da ketokonazol, duk kuwa ana samun su a kemis ba tare da takardar likita ba. Muka ɗebi jini da sassafe kafin ta sha ƙwayar safe, aka sa a ƙanƙara aka tura Legas. Ana son awon eberolimus a jini ya zauna tsakanin 3 da 8. Nata ya haura sama da haka sosai, takrolimus ma ya hau, gwajin ƙoda ya soma nuna gajiya.

Sakamakon ya ɗauki kwana shida kafin ya iso, kuma ba mu zauna jiran sa ba. A ranar aka tsayar da eritiromaisin. Maigidanta ya so a daina eberolimus gaba ɗaya, ya ce ba zai iya kallon ta tana kasa cin abinci ba. Na fahimce shi sarai, domin bakin yana gani, jijiyar kuwa ba ya gani. Likitocin Indiya suka ba da shawarar a dakatar da shi na ɗan lokaci a mayar da maikofenolet don kada zuciyar ta zauna babu kariya, a jira mikin ya kama hanya, sannan a dawo da shi da ƙaramin adadi. Haka aka yi. Ana wanke mikin kullum, tana ɗaga ƙafar a kan matashi, ana kurkure baki da maganin sitiroyid. A kwana na goma na ga jan nama ya fara lasar gefen ramin. Gyambunan baki sun riga shi tafiya. Mikin ya rufe a mako na bakwai, aka dawo da eberolimus, aka auna sau biyu a jere ya zauna wajen 4 zuwa 5.

Azumi ya zo bayan nan. Takrolimus da eberolimus suna son awa goma sha biyu tsakanin sha da sha, yinin azumi a Gombe kuma ya fi haka, ga ƙoda da ba ta son ƙishi. Ta tambayi malaminsu na Islamiyya, ya ce ta ciyar. Ta yi kuka a gabana kan wannan fiye da yadda ta yi a kan mikin.

Inda ake yanzu

Shekara guda bayan sauyin an sake anjiyogiram. Siten ɗin a buɗe yake. Ƙananan rassan da suka ɓace ba su dawo ba, waɗanda suka rage kuma ba a ga sun ƙara sirancewa ba. Ƙarfin zuciyar bai ƙara faɗuwa ba. Kitsen jininta ya ɗan hau, wanda shi ma halin eberolimus ne, sai aka daidaita adadin firabastatin ɗin. Ana duba fitsarinta duk wata uku don a ga ko ƙoda tana zubar da furotin, na kuma ce duk tarin da ya wuce 'yan kwanaki ta zo, domin maganin yana iya taɓa huhu, ga kuma tarihin tibi.

Shugabar makarantarsu ta mayar da ajinta ƙasa. A jakarta yanzu akwai wani kati da 'yarta ta fari ta rubuta da hannu, Hausa a gefe guda, Turanci a ɗaya gefen, da sunayen magungunan da ba a haɗa mata da su da lambar wayata. Zuwanta na baya-bayan nan, kafin in ce komai ta zazzage ledar a kan tebur, ta ware 'yar ƙwayar daren ta turo mini gaba ta ce, "Ga ta nan, Likita, ƙirga." Na ƙirga, saura tara, daidai da kwanakin da suka rage a watan. Jini na gaba ranar Litinin za a ɗiba, ƙarfe bakwai na safe, kafin ta karya.